Ƙarin Injin-sit da Ƙugun Baba

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina, wajen ƙarfe goma na safe, a wani gareji da ke bakin hanya a Batsari. Mu uku ne: ni, da makanike, da mai walda da rumfarsa ke jingine da garejin. Ƙaramar motata na kan rami.

Saboda Baba na je can. Tun da ya faɗi a gona ya bugu a ƙugu, duk Alhamis nake ɗauko shi daga Tsaskiya zuwa asibiti a Safana. In na canja giya, ko na ɗaga ƙafa daga totur a bakin kwazazzabo, sai inji ya yi tsalle, motar ta fizga. Ta madubi nake ganin Baba ya runtse ido, ya damƙe carbi. Na kai sati uku ina zuwa ofis, na zauna, na tashi, na fita na buɗe bonet ina kallon abin da ban sani ba.

Makanike ya nuna mini injin-sit na ƙasa, wato robar da ke riƙe inji kada ya yi lilo. Ta tsage. Ya ce sai an aiko da sabuwa daga Katsina, kwana huɗu.

"Kwana huɗu?" in ji mai walda. "Yallabai, bar wannan ɗan ƙauyen. In ƙara maka na biyu a ƙasa, ƙarfe da robar taya, kafin azahar. Ko jaki aka ɗaure haka ba ya motsi."

"Ai shi ya sa kake gyaran ƙofa," in ji makanike. "Inji sai da ɗan wasa. Ka ɗaure shi tam, girgizar ina za ta tafi? Malam, motarka ba ta da jikin ɗaukar wannan."

Na ji shi sarai. Amma gobe Alhamis. Na ce a ƙara.

A kan kwalta na yi murna. Fizgar ta tafi, giya na shiga sumul. Sai da na tsaya bayan wata motar itace na lura madubi na kakkarwa, sitiyari na yi mini susa a tafin hannu. Na ce wa kaina sabon abu ne, zai zauna.

Washegari da hantsi na ɗauki Baba. Da, zafin yakan zo ne sau ɗaya a kowane rami, ya wuce, ya huta. Yanzu babu hutu, kujerar baya na zir-zir ko muna tsaye. Ba mu yi nisa da gari ba ya taɓa kafaɗata.

"Tsaya nan."

"Baba, za mu makara."

"Me ka yi wa motar nan?"

"Gyara na yi, Baba. Saboda ku."

"To, Allah ya yi albarka. Da can ina sanin lokacin da za ta buge ni, in shirya. Sauke ni."

Na taimaka masa ya zauna a gindin wata bishiyar bedi, a gefen gonar gero. Na yi ta zagaye motar, na kashe, na tayar, na sake kashewa. Ya ƙi komawa ciki. Sai amalanken shanun wani maƙwabcinsa ne ya mai da shi gida, kwance kan tabarma, ni kuma ina bin su a baya a giya ɗaya.

Ranar Asabar mai walda ya yanke ƙarfensa, ranar Litinin makanike ya ɗaura sabuwar roba. Baba ya rasa ganin likita na wannan makon da na gaba, don ƙugun bai bar shi ya sake shiga mota ba.