Ranar Da Aka Yafe Fadamata Da Bakin Wani

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ni mutumin wajen Kwalkwalawa ne a nan Sakkwato, kuma lokacin da abin nan ya faru manomin lambu ne ni, da mata da yara ƙanana. Ba ni da boko mai zurfi, ba ni da shago. Abin da nake taƙama da shi fadama ce da mahaifinmu ya bar mana ni da wana. Shi ya daɗe da barin noma ya koma sayar da hatsi a kasuwa, don haka ni ke riƙe da ita. Albasa nake yi da tattasai da ɗan latas, 'yan jami'a da masu abinci su zo har bakin rijiya su saya. Ban yi arziki ba, amma wallahi ban taɓa tunanin abin da za a ɗora a murhu gobe ba.

Can sama da mu wani attajiri ya kafa kamfanin jimar fata, ya haƙa wani ƙaton rami inda ake tara ruwan jima. Mun saba da warin, mun haƙura. Wata damina aka yi ruwa mai ƙarfi, ramin ya ɓalle, baƙin ruwan nan ya gangaro ya kwanta a fadamunmu. Da ya janye sai ƙasa ta yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa. Irin albasar da na yafa ya fito ya ƙone tun yana ƙarami. Rijiyar da muke sha ta koma wari, wanda duk ya taɓa ruwanta hannunsa ya kama ƙaiƙayi. Innalillahi! Na tsaya tsakiyar gonar ubana, ni da gemuna, ina hawaye.

Ba ni kaɗai abin ya shafa ba, maƙwabtan gona da dama ne, kuma kowa ransa a ɓace. Wani malamin jami'a da ke sayen latas a wurina ya gaya mana muna da haƙƙin a biya mu diyya, a kuma gyara ƙasar da kuɗin kamfani. Muka haɗu gindin mangwaro, kowa na rantsuwa cewa ba za mu yarda ba. Wani har yana bugun ƙirji wai shi zai fara magana. Da labari ya kai kunnen attajirin, sai ya aiko cewa zai zo da kansa zauren mai unguwa.

Ya kuwa zo, ba girman kai ko kaɗan. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya zauna a tabarma, ya yi mana jaje da murya mai sanyi, ya ce mu faɗi duk abin da muke so. Yanzu na gane ya san mu fiye da yadda muka san kanmu. A wurinmu, in babban mutum ya tako ya ba da haƙuri, babban gida ke amsawa, ƙane ba ya buɗe baki. Sai wana ya gyara zama, mutumin da rabonsa da riƙe fartanya har ya manta. Ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, kuma gidanmu ba a san mu da cin diyya ba, don ko da mota ta kashe baffanmu iyayenmu ba su karɓi komai ba. Ya ce mun yafe duniya da lahira. Zaure ya ɗauki kabbara. Masu rantsuwar gindin mangwaro suka shiga yafewa ɗaya bayan ɗaya, mai bugun ƙirjin ne ma na farko. Magana na nan cike da bakina, amma ƙaryata wa a gaban jama'a? Kafin in haɗiye yawu an ɗaga hannu ana addu'a. Na shafa fatiha da tafin da ke mini ƙaiƙayi, kuma a garinmu in an shafa, magana ta mutu.

Da na tare wana a gida, cewa ya yi in ba ni da kunya shi yana da ita, ba zai bari a riƙa nuna zuri'armu ana cewa ga waɗanda suka sayar da jarrabawar Allah ba. Na ce to ni ban yafe ba. Kai, ashe laifi na yi! Da maganar ta fita, gari ya juya mini baya kamar ni na ɓalle ramin. In na zo majalisa sai a yi tsit, in na wuce a ce ga mai diyya nan. Wasu suka ce mutumin da ya gina mana masallaci, ya ɗauki samarinmu aiki, shi nake son tozartawa saboda kwaɗayi. Na je wurin wani malami da nake girmamawa, ya tabbatar mini neman haƙƙina halal ne, kuma wana ba shi da ikon yafe rabona. Amma a ɗaki ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa, ya ƙare da in yi haƙuri don zaman lafiya. Na kai kuka ofishin hukuma, suka tambaye ni ina sauran mutanen, suka ce ai sun ji an sasanta.

Ƙasar ba ta tashi ba har yau. Na zuba taki, na juya ta, na sake shuka, a banza. Rijiyar da mahaifina ya haƙa da hannunsa, ni na cike ta da nawa don kada yara su sha. Yanzu a bakin titi nake a Gidan Igwai, ina kasa albasar wasu, hayaƙin keke napep na shiga mini ido. Ramin nan kuwa yana nan inda yake. Ya sake ambaliya bayan wasu shekaru, ba wanda ya ce uffan, tunda wanda ya yafe na farko da wane baki zai nemi na biyu? Abin da muke samu shi ne buhun shinkafa da kamfanin ke rabawa gida-gida duk azumi. Shekarar farko na ce a mayar musu da tsiyarsu. Matata ta dube ni, ta dubi yara. Aka dafa, na ci.

Ba na zagin yafiya, abu ne mai kyau, amma mai ciwo ke yafewa, ba wanda ke son a yaba masa a zaure ba. Mu mun mai da neman haƙƙi abin kunya, masu kuɗi kuwa sun gano haka, shi ya sa ba su gyara rami, sai dai su koyi cire takalmi. 'Yan uwa, duk wanda kamfani ya ɓata wa gona ko ruwa, ya yi magana kafin a ɗaga hannu, ko da wansa ne a zaune, ko da za a ce ba shi da tarbiyya. Zagin zai wuce, ƙasar da ta mutu ba ta dawowa. Bana ma buhun ya zo. Ina zaune yarana suka ɗaga hannu suna yi wa mai kamfanin addu'ar Allah ya ƙara arziki, suka juyo suna jiran in ce amin. Na ce.