Labarin da Inna Ta Shanye

Tun kafin kiran assalatu muka ɗaura wa jaki kaya muka bar Wurno, ni da Inna da kawuna. Tari ne ya hana Inna sakat tun kaka, aka ce Nasara sun buɗe ɗakin magani a Sakkwato. Hanya lafiya lau, sai yashi da ya ci mana ƙafafu. A bakin gulbi muka sha fura mai ɗan karen tsami, mai furar kuma ta ƙi karɓar aninin nan mai huda, wai ita wuri ta sani.

Da magariba muka sauka gidan gwaggona a Ƙofar Atiku. Mai haɗa maganin ashe Ba'indiye ne, Musulmi, katanga ɗaya ta raba mu. Washegari muka shiga gaida matarsa, siririyar mace mai Hausa guntu-guntu. Ta ba mu shinkafa da wata miya mai yajin da ya sa ni hawaye. Na ga takardu a kan tabarma, haruffa sak irin namu na ajami, amma ko kalma ɗaya ban gane ba. Ta ce gajerun labarai take rubutawa, tana aika wa wata jaridar mata a ƙasarsu, kuma mata da yawa can suna yi daga cikin ɗakunansu. Wannan ta gama shi ke nan, ɗan saƙo zai tafi da shi ranar Alhamis.

To, kun san Inna. Duk abin da aka rubuta da baƙaƙen Larabci, addu'a ce a wurinta, balle wanda ya fito daga gabas. Matar ta miƙa mata takardun don ta gani, Inna ta ɗauka kyauta ce, ta yi godiya ta soke a zane. Ni ina can ina fama da yaji. Kafin azahar ta jiƙa su a ƙwarya, ta yi bisimilla ta shanye tas.

Da matar ta shigo masaukinmu nema ta ga farar takarda a jiƙe, sai ta zauna a ƙasa. Ba ta yi faɗa ba, hawaye kawai. Wallahi na ji tausayinta har cikin raina. Ba ta da wani kwafin, kuma labarin mahaifiyarta ne, wadda ta rasu bayan tahowarta, ba ta ga gawarta ba.

Inna ta jawo ta jikinta.

"Ɗiyata, zauna ki faɗa mini abin da na sha."

Ta faɗa, rabi da baki rabi da hannu: yadda uwar ke shafa mata mai a kai, da yadda ta tsaya a ƙofa ranar rabuwa ta ƙi ɗaga hannu. Tana faɗa tana rubutawa, Inna na tsefe mata kai da man shanu. Ɗan saƙo ya tafi da labarin a kan kari, har da wata tsohuwar Bahausa da da babu ita a ciki.

Mun dawo gida Asabar, tari ya yi sauƙi. Ni na ce maganin kwalba ne, Inna ta ce takarda ce, na bar ta. Na dai koyi cewa mace na iya zama cikin ɗaki muryarta ta ƙetare teku. Inna kuwa, duk bayan salla sai ta saka wata mata da ba ta taɓa gani ba a addu'a. Na tambaye ta dalili, ta dafa cikinta.

"Tana nan. Ni na sha ta."