Malama Rifkatu da Kwanon Wanke Hannu

Ina tsakiyar awon jarirai a ƙaramin asibitinmu na Sabon Gari wayata ta yi ƙara. Talatu ce, wadda muka yi makarantar koyon kiwon lafiya tare. Ta ce Malama Rifkatu, malamarmu ta tsaftar muhalli, ta rasu da safen nan a gidanta na Samaru. Na miƙa jaririn da ke hannuna ga uwarsa, na nemi wuri na zauna.

Yawancinmu mun shiga makarantar nan ne don farar riga, da allura, da a riƙa ce mana “dakta” a unguwa. Ranar farko Malama ta kwashe mu a ƙafa zuwa bayan kasuwa. Ta sa muka leƙa rijiyoyi, muka duba tazararsu da masai. Takan ce, “Ciwon da kuka tare a bakin rijiya ba zai kai kowa babban asibitin Shika ba.” Abin da ta fi tsana shi ne kwano ɗaya na wanke hannu, wanda ake zagayawa da shi kafin cin abinci. Cewa take na ƙarshe ba wanke hannu ya yi ba, dattin kowa ya kwasa. Ko a gidan biki buta take nema da sabulu, a zuba wa mutum ruwan ya gangara ƙasa.

Abokan aikinta suka laƙaba mata Malamar Masai. Shugaban sashenmu na lokacin, wanda bai taɓa taka unguwa ba don kada takalminsa ya ɓaci, shi ya fi kowa dariya. Tana yin ritaya ya soke fita unguwa gaba ɗaya, ya ce ɓata lokaci ne. Wasu 'yan ajinmu kuma yau kemis gare su a unguwar PZ, kowa ya shigo da ciwon kai sai an danna masa allura. Na raina su, kuma ba na ɓoyewa.

Duk na same su a zaman makoki. Shugaban nan ya miƙe cikin babbar riga, ya kira ta “uwarmu”, ya ce koyarwarta ba za ta taɓa mutuwa ba, har da share ido. Masu kemis suna ta gyaɗa kai. Ni kuwa abin da nake son sani ke nan, ko akwai abin da ya saura.

Da aka kawo tuwo, maƙwabta masu taimako suka fito da kwanon ruwa ɗaya. Shugaba ya tsoma hannu, ya yarfe, ya tura wa na kusa. Haka kwanon ya bi ta kan manyan ma'aikatan lafiya, a tsakar gidanta, ruwan yana ƙara duhu, ba wanda ya ko yamutsa fuska. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Kafin kwanon ya kai ga mijinta, Baba Yohanna, na tashi na ɗauke shi na zubar a kwata. Talatu ta ɗauko buta da sabulu. Shugaba ya ce ai yau ranar makoki ce, ba ranar darasi ba. Ban ko dube shi ba, na durƙusa gaban tsohon.

Baba ya miƙo hannuwansa biyu. Ya ce, “Zuba, 'yata. Tun ɗazu nake tunanin yadda zan ƙi kwanon nan a gaban baƙi. Tun da na aure ta ban sa hannu a cikinsa ba.”

Allah Ya ji ƙan Malama Rifkatu, Ya yafe mata kurakuranta, Ya ba ta hutu. Allah Ya ba Baba Yohanna da 'ya'yansu haƙurin rashinta, Ya kuma bar masa mai zuba masa ruwa. Amin.