Mutumin da Ya Nemo Alhazai Ɗari Uku a Baƙin Allo

Kullum ƙarfe shida na safe Malam Manniru yake shiga bas a Kubwa. Kafin takwas ya iso ma'aikatarmu, ya sauka ɗakin ƙasa inda manyan kwamfutoci suke, ya sa rigar sanyi, ya zauna gaban wani baƙin allo. Babu hoto a allon, babu abin dannawa. Umarni yake rubuta wa na'ura, ita kuma ta bi. Shekara goma sha shida yana haka. Watan jiya ya yi ritaya, ko ruwan leda ba a raba ba.

Ni ba mai magana ba ce, karatuna ma a firamare ya tsaya. Amma wannan kam ba zan yi shiru ba.

Shara aka ɗauke ni yi. Daga baya aka ƙara mini ɗaukar hoton takardun ma'aikata a kwamfuta, ina sa wa kowane fayil suna. Ban iya rubuta sunan babba gatsau ba, don haka nakan rubuta Alhaji Umar Farouk Bwari, ko Hajiya Zulai Ɗanjuma, kowace kalma da sararinta.

Bara aka kawo ɗan kwangila da kwat da babbar mota, ya kwashe fayiloli zuwa sabuwar na'ura. Da ya gama, sai aka nemi sama da ɗari uku aka rasa. Ya ce yarinyar sharar nan ce ta goge su. Oga, shugaban ma'aikatarmu, ya kira ni gaban mutane.

"Nazeefa, ina kika kai mana Alhazan nan?"

Aka yi dariya. Aka ba ni takardar tuhuma, aka ce ran Juma'a in ajiye katina na aiki in tafi. Aikin nan da shi nake riƙe da mahaifiyata.

Ba wanda ya kira Malam Manniru. Madam Mabel, sakatariyar Oga, ita ta sauka ta gaya masa. Ya hawo a hankali, ya ce a nuna masa abin da aka rubuta wa na'urar. Ya duba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da ya ɓata. Ita na'ura in ta ga sarari, gani take suna ya ƙare. Ta nemi Alhaji shi kaɗai ta rasa, ta nemi Umar ta rasa, sai ta wuce. Fayilolin suna nan a tsohuwar na'urar."

Ya sa alamar buɗe magana da ta rufewa, ya killace sunan duka a tsakaninsu, ya danna. Sunaye suka riƙa gangarowa a allon. Madam Mabel ta ce, "Oga, Alhazanka sun dawo daga Makka."

Ɗan kwangilar ya ce ai laifin mai sa sarari ne. Malam ya ce, "Ita ta rubuta sunan mutane yadda ake kiransu. Kai aka ɗauko don ka san halin na'ura."

Ran bikin buɗe sabuwar na'urar, wa aka ba lambar yabo? Mai kwat. Sunan Malam ko a takardar taro bai fito ba. Yana can ƙasa yana gyara sauran ɓarnar.

Malam, kai ne ka tsaya mini ranar da na kasa tsaya wa kaina. Kai ne ka zaunar da ni gaban allon nan bayan azahar, wata uku, kana cewa, "'Yata, ba ya cizo, rubuta." Yau ni nake kwashe fayilolin, kuma ban taɓa manta killace suna ba. Uban marasa baki, na gode. Allah Ya saka maka, Ya ba ka lafiyar cin hutunka.

Ku da kuka san aiki, in an ɗora wa ƙarami laifi, ku hawo bene ku duba kamar yadda ya yi. Ku kuma masu raba lambar yabo, tunda kun kasa rubuta sunansa, ga shi na rubuta muku, cikakke, da sararinsa: Malam Manniru Sadisu Kubwa.