Giwan Ruwan da Kwamfuta Ta Ƙi

Ba a daɗe da yanka mana jihar Kebbi ba na samu aiki a wani ƙaramin ofis a Yelwa, inda ake tattara lissafin kifin da masunta ke kamawa a tafkin Kainji. Kwamfuta ɗaya gare mu, kuma ni kaɗai na iya rubuta mata furogiram. Kai, na yi ɗagawa! Ko Inna ta aike ni sayen daddawa, tafiyar masu ilimi nake yi.

Abin da na fi ji da shi wani layi ne da ake kira asat. Za ka rubuta abin da ka tabbata gaskiya ne, duk ranar da ya zama ba haka ba sai furogiram ɗin ya tsaya cik, ya nuna maka wurin. Ni kuwa na barbaɗa su ko'ina kamar gishiri. Mako ba ya wuce kwana bakwai. Kwalekwale ba ya kama ƙasa da sifili. Kifi ɗaya ba ya wuce kilo sittin. Wannan na ƙarshen daga kaina na ciro shi, don ban taɓa ganin wanda ya kai haka a kasuwa ba.

Wata Talata ina shigar da takardun awo sai abu ya tsaya. Giwan ruwa guda, kilo casa'in da huɗu! Na yi tsalle, na yi guɗa, har ɗankwalina ya faɗi.

"Yallaɓai, zo ka gani, ta kama ɓarawo!"

Ogan ofishinmu ya zo ya duba takardar. Ta wani dattijo ce mai yi mana awo a wata mashaya kusa da Wara. Da ma Oga na zargin masu awo da zama a gindin bishiya suna ƙirƙiro lamba. Nan take ya aika masa tuhuma, ya ce in ba hujja cikin mako biyu, sallama. Sai murnata ta koma ciki. Aikin tsoho zan ci da layi ɗaya?

Kwana goma ina jan ƙafa, sannan na hau mota, na ƙarasa da ɗan kabu-kabu. Na tarar da dattijon a rumfa da sikelinsa.

"Baba, da gaske casa'in da huɗu?"

"Ɗiyata, sikelin ga hamsin yaka ɗauka. Sai da munka raba kifin biyu."

Ya kai ni wurin matar masuncin da ya kama shi, mai bandar kifi. Da ta ji abin da ya kawo ni, dariya har da riƙe ciki. Ta sa sanda ta zaƙulo ƙashin kan kifin daga saman rumfa. Wayyo Allah! Da na gwada, kaina ya shige bakinsa har da ɗankwali. Matan mashayar suka taru suna tafi, wata na cewa a gaida musu da injin da bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba. Ni ma na bi su muka yi ta ƙyaƙyatawa, ina wari kamar tukunyar miya.

Washegari ni da Baba muka dire ƙashin a teburin Oga. Na ce, "Yallaɓai, layin ya yi aikinsa, amma ni ya kama. Zatona ne ƙarya." Oga ya leƙa bakin kifin, ya yi salati, ya yage tuhumar. Na goge sittin ɗin a gabansu, ina rawa a kan kujera.

Baba bai yi dariya ba. Ya matso, ya sassauta murya.

"Ɗiyata, ba ni takardar makon jiya in gyara."

"Me ya same ta, Baba?"

"Wani babba ya sake fitowa, saba'in da ɗaya. Na ji an ce injin na fushi in an wuce sittin, sai na rubuta hamsin da tara."

Na lalubo takardar. Ga hamsin da tara ɗin nan, furogiram ɗina ya haɗiye ta lafiya lau tun ranar Litinin.

Ya karɓi biro, ya soke lambar, ya rubuta saba'in da ɗaya. Ya ce, "Tun da nike aikin ga, ita ce ƙaryata ta farko."