Ihun Fambel da Naƙudar Fari

Ko da zan manta komai na zamanmu a Jalingo, ba zan manta safiyar da na haifi 'yata ta fari ba, kuma ba don haihuwar kaɗai ba. Har yau in na ji an tayar da mota ta yi ƙiiii, sai dariya ta taso mini, ko a gidan gaisuwa nake sai na toshe baki da mayafi.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, muna haya a Mayo Gwoi. Maigidana fataucin doya yake yi, yana shiga ƙauyuka ya saro ya kawo kasuwa, ni kuma ina da injin markaɗe a ƙofar gida. Yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya, wadda ko turare ka zuba mata warin doya take yi. Motar nan tana da hali guda: duk safiya in ya murza ki, sai ta ƙwala ihu, ƙiiiii, har kajin unguwa su watse. Na sha gaya masa fambel ne, wato bel ɗin injin motar, ya saki, domin mai injin markaɗe kullum da bel take kwana take tashi. Sai ya yi dariya ya ce ai gaisuwa take yi wa unguwa. In ihun ya yi yawa, ya ɗauki sabulun wankina ya goga wa fambel ɗin, ta yi shiru kwana biyu ta dawo. Sabuluna ya ƙare a cikin injin motar nan ba adadi.

Da cikina ya tsufa, gwaggona, ƙanwar babana wadda ta raine ni, ta taso daga Zariya don ta zauna da ni. Tun daren da ta sauka ta soma karanta mini dokar gidanmu. "'Yar nan," in ji ta, "a danginmu mace ba ta ihu a haihuwar fari. Ba ta ma faɗa wa kowa naƙuda ta zo. Ki cije, ki yi shiru, sai dai a ji kukan jariri. Kada ki ja mana abin faɗa a garin mutane." Ta faɗa da safe, ta faɗa da rana, har na fi tsoron in kunyata Gwaggo a kan tsoron haihuwar kanta.

Ranar da abin ya zo, an kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Tun da na idar da sallah nake jin bayana yana ɗaurewa yana saki. Na gane ko mene ne, amma na tuna doka. Sai na sami maigida yana shan koko na ce masa, da murya kamar ba komai, ina so ya kai ni asibiti awo. Ya ce to. Na shiga bayan mota na zauna, na rungume jakata, ya murza ki.

Motar ta yi ihun da ba ta taɓa yi ba, domin sanyin ruwa ya shiga jikinta. Ta yi ta yi, jar fitilar batir ta kama, sannan inji ya mutu. Maigida ya fito ya buɗe bonet ya tsaya yana kallo. Ya ce yau kam ba zai ɗauke ni a haka ba, kada ta mace mana a kan gada. "Bari in duba ta a tsanake," ya ce, "ai awo ba ya gudu." Na buɗe baki zan ce wannan awon yana gudu, sai na hango Gwaggo a bakin zaure tana tsintar shinkafa, na mayar da bakina na rufe.

Kun san unguwa: a buɗe bonet kawai, maza su fito kamar an yi shela. Tela maƙwabcinmu ya zo da tef a wuya ya ce boris, ƙwallayen ƙarfen da ke cikin inji, ne ya lalace, ya rantse ya taɓa jin irin wannan kukan a keken ɗinkinsa. Wani ya ce kafireto ne, mai ba inji fetur. Wani dattijo da ke wucewa da sandarsa ya tsaya ya ce a bar ta ta sha rana tukuna, ita ma jiki gare ta. Kowa da maganarsa, ba mai sauri, har wani ya aika a kawo masa kujera. Ni kuwa ina bayan mota, gumi yana bin wuyana, ciwon yana zuwa yana tafiya, kuma kowane zuwa ya fi na baya kusa.

Ana cikin haka tela ya ce a ƙara tayarwa ya saurara da kyau. Maigida ya murza ki daidai lokacin da wani ciwo ya murɗe ni, irin wanda ba a cije masa. Motar ta yi ƙiiiii, ni ma ban san sanda na yi aaaa ba. Da aka kashe inji na leƙa a tsorace. Ba wanda ya ko waiga. Gwaggo na nan tana tsintar shinkafarta.

Wayyo daɗi! Ban taɓa jin ƙaunar wani abu kamar yadda na ƙaunaci fambel ɗin nan a lokacin ba. Na sami abokin ihu. Daga nan duk sanda na ji ciwon ya taho, sai in leƙo ta taga in ce, "Maigida, ƙara tayarwa mu ji." Ya murza, mota ta ɗauka, in bi ta a baya, mu yi tare mu sauke tare. Har na soma gwanancewa, ina ja in ta ja, ina yankewa in ta yanke. Maigida kuwa sai washe baki yake yi yana gaya wa mutane, "Kun ga matata, ita ma ta san inji." Ina ciwo ina dariya, hawaye na zuba, ban san na wanne ba ne.

Amma batir ya soma ja da ƙyar, kuma jikina ya gaya mini wasan ya kusa ƙarewa. In na biye wa mazan nan, a bayan motar doya zan haihu, a gaban tela. Sai na daure na kira maigida. Na ce ya tayar, ya ɗan zuba wa fambel ruwa daga buta yana juyawa. In kukan bai canja ba, to boris ne, tela ya yi gaskiya. In ya canja, bel ne. Ya zuba, kukan ya ɗauke ɗif, can ya dawo. Na ce ya kashe, ya danna fambel ɗin da babban yatsa. Ya danna, abu ya lotsa kamar igiyar shanya. Na ce ya goge sabulun nan nawa da tsumma, ya sassauta notin altaneta, wato abin da ke cajin batir, a ja shi baya har bel ya miƙe, sannan a ɗaure.

Sifanar kwance noti akwai, amma abin da za a sa a bankare altanetar babu. Ni a injina taɓarya nake sawa. Na ce a karɓo wajen Gwaggo. Ta fito da ita da kanta tana mita, wai a Jalingo har mota ake yi wa daka. Hayaniyar ce ta fito da maƙwabciyarmu maman 'yan biyu, wata Bamumuyiya mai fara'a da ke shirin tafiya taron matan coci. Ta tsaya jikin tagata ta dube ni, ta ƙara dubana. "Amarya, lafiya? Fuskanka ya canja fa." Na ce lafiya lau, zafi ne. Ta dubi sama, gari a lumshe ko rana babu, sai ta fasa tafiya ta tsaya nan.

Tela ya sa taɓarya ya danna da ƙarfinsa, maigida ya ɗaure noti yana nishi, Gwaggo tana tsaye tana gargaɗin kada a karya mata kaya. Ni kuma a daidai nan wani ciwo ya taso, uban duk waɗanda suka gabata. Na riƙe shi, na riƙe shi, ina jiran abokina. Kaina ya ɗauki zafi har na manta cewa ni da bakina na ba da maganin da zai rufe masa baki. Maigida ya shiga ya ce bismillah. Na ja numfashi na cika ƙirji. Ya murza ki.

Motar ta tashi lafiya lau, sumul, ko tari ba ta yi ba. Ni kaɗai na ƙwala ihu. Ihu na gaske, wanda na tara tun asuba, ya fita ta tagogi ya bi layi, na tabbata har bakin kogi an ji shi.

Kowa ya juyo ya dubi motar. Sai tela ya girgiza kai ya ce, "Na faɗa muku boris ne." Maigida ya fito da gudu ya tura kai cikin inji yana cewa, "Amma wallahi na ɗaure shi!" Maman 'yan biyu ta dafe kai ta yi tsalle. "Mai doya, kai! Ba mota ne ba, matanka ne! Zai haihu yanzu yanzu! Rufe wannan abu mu tafi!"

Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri haka ba. Aka buga bonet, maman 'yan biyu ta faɗo ta dama tana kiran Yesu, Gwaggo ta faɗo ta hagu tana salati, da taɓaryarta a hannu, kan taɓaryar ya fita ta taga. Maigida ya taka totur, doyar da ta rage a but ɗin baya tana ta gangarawa gaba da baya. Tun da asiri ya riga ya tonu, na saki murya son raina har muka isa. Motar kuwa ko uffan ba ta ce ba, ta bar ni ni kaɗai da aikin.

Ko gado ban gama hawa da kyau ba yarinya ta faɗo. Ungozomar asibitin ta yi ta faɗa, ta ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da a hanya za a yi ta, ga cibiya ta naɗe wa jaririyar wuya, sai da ta yi dabara. Da na ji haka dariyata ta tsaya. Na dubi 'yar abar nan tana motsa baki, na tuna yadda na zauna a mota ina wasan ɓuya da ranta.

Can Gwaggo ta shigo. Na juya fuska bango ina jiran faɗa. Ta ɗauki jaririyar ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a gefen gado ta rage murya. "'Yar nan, kin san me ya sa a gidanmu in mace tana naƙuda sai mata su hau daka, ko ba a bukatar gari?" Na ce a'a. Ta ce, "Ranar tawa, turmi biyu aka haɗa, kuma duk da haka sai da aka ji ni a masallaci." Na dube ta, ta dube ni, muka fashe da dariya har ungozoma ta leƙo ta ce mu yi wa masu jego hankali. Sai na ga Gwaggo tana share ido da bakin zane. Ta ce, "Da na san shirun nan zai kai ki ga haka, da ban koya miki ba."

Maigida ya sayi sabon fambel a satin, sabuluna ya huta. Tela kuwa har muka bar unguwar bai daina cewa boris ne ba, kuma 'yar fambel yake kiran yarinyar.

Abin da safiyar nan ta koya mini shi ne, duk abin da ya yi kuka yana da dalili, mota ce ko mutum, kuma goga masa sabulu don ya yi shiru ba gyara ba ne. Shekaru bayan haka, da 'yar fambel ta zo gida da nata cikin na fari, na zaunar da ita na ba ta dokar gidanmu sabuwa. Na ce, "Da kin ji ya motsa, ki kira ni da ƙarfi. In ban ji ba, ki ƙara."