Goshin da Ya Ƙi Motsi

Alwalar Azahar nake yi a tsakar gidana a Gwaram. Na kurɓi ruwa zan kurkure baki, sai ya silalo ta gefen dama ya jiƙa mini riga. Na sake kurɓa, ya sake zubowa. Na tsaya ina kallon butar kamar ita ce mai laifi.

Mai ɗakina ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce, "Malam, gatsine kake mini?" Sai ta saki faifan, ta yi salati. Ta kawo madubi. Ɓarin fuskata na dama ya sauko, idon kuma ya ƙi rufuwa.

Yayana na tuna. Shi ma ta baki abin ya faro masa, kafin La'asar hannu da ƙafa sun shanye. Shekara biyu ana juya shi a kan tabarma, har Allah ya karɓi abinsa. Ni kuwa alƙalami ne abincina: wasiƙun ajami da rubutun allo, duk da wannan hannun na dama.

Muka shiga motar Birnin Kudu. Tun daga tasha nake dunƙule hannun ina buɗewa, ina jiran ya ƙi. Wani dattijo a gefena ya leƙa fuskata ya ce, "Wannan ai marin aljani ne." Mai ɗakina ta ce, "To Baba, ka ga aljanin ne, ko labari ya ba ka?" Mota ta ɗauki dariya. Ban da ni.

A asibiti wata likita ce ta duba ni, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta ce akwai jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, kowace dama da hagu, za ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta sa na shinshina sabulu, ta ce ta farko lafiya. Ta haska mini fitila a ido, ta sa na bi yatsanta sama da ƙasa. Ta shafa auduga a kumatuna, ta murza yatsu kusa da kunnena. Na haɗiyi ruwa, na ɗaga kafaɗu, na zaro harshe kamar yaro. Duk wadda ta wuce sai in ce Alhamdu lillahi a zuci, ina jiran ta gaba.

"Saura ta bakwai, mai motsa fuska. Baba, ɗaga girarka."

Na ɗaga. Ta hagu ta tashi, ta dama ko gezau. Na yunƙura har gumi ya keto mini. Na ce shi ke nan, ciwon ya kai har goshi, ya ma fi na yayana. Na fara kalmar shahada.

Sai na ji ta ce, "Madalla."

"'Yata, goshi ya mutu kina madalla?"

Ta ce a shanyewar ɓarin jiki yawanci goshi yana motsi, ƙasan fuska ne ke saki. Idan har da goshi, to jijiyar ce kanta ta kumbura a hanyarta ta kusa da kunne. Ta miƙo yatsu biyu ta ce in matse. Na matse da duk tsoron da na ɗauko daga Gwaram.

"Wayyo Baba, karya ni za ka yi? Wannan hannun ba inda za shi."

Ta rubuta magani, har da na ɗigawa a ido, ta ce in riƙa rufe idon da filasta in zan kwanta. Ta ce yawanci ana warkewa, amma a hankali.

"Yawanci" ɗin nan ya hana ni sakewa. Sau biyar a rana nakan kurɓi ruwa ina fargaba, ya zube. A mako na shida, da Azahar, na kurɓa ya tsaya. Na daɗe riƙe da shi a baki, na kasa furzarwa, har mai ɗakina ta ce, "Malam, shanyewa za ka yi ko alwala?"